Kundin aiki: kayan gangamin rigakafin ƙyanda

8 ga Afrilu

Takardar umarni daga ma'aikatar lafiya ta iso. Shafi huɗu ce, kuma abin da take nema shi ne a wayar wa al'umma kai game da muhimmancin rigakafi. Da wannan jumla ba a iya zana ko fasta ɗaya, domin ba ta faɗi wa ake so ya tashi ya yi me ba. Mun zauna da jami'an sashen rigakafi na awa biyu, muka tatso abubuwa shida da dole kowane kaya ya ɗauka: yaran da ake nema su ne daga wata 9 zuwa wata 59, allura ce a damtse, ba a bi gida-gida, kai yaro ake yi wurin da aka keɓe, kyauta ne, kwana biyar ne kacal, 10 zuwa 14 ga Yuni, kuma ko yaro ya taɓa karɓa a sake kawo shi.

Na biyu da na uku su ne ƙashin bayan aikin. Iyaye da yawa sun saba da rigakafin shan inna, wanda ake bin su da shi har ƙofar gida a ɗiga wa yaro a baki. Idan fasta ta ce "rigakafi" kawai ta yi shiru, uwa za ta zauna tana jiran masu ɗigo su iso har kwana biyar ɗin su ƙare.

Jami'an sun so a saka alƙaluma a fasta: cewa cikin mutum 10 marasa kariya da suka cuɗanya da mai ƙyanda har 9 na iya kamuwa, cewa ƙwayar cutar tana iya kai awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, da cewa sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun sami allura biyu kafin a iya dakile yaɗuwarta. Duka gaskiya ne, amma wurinsu takardar ma'aikatan rigakafi da rediyo. Mai wucewa a hanya daƙiƙa uku ko huɗu yake ba fasta.

11 ga Afrilu

Lissafin kaya. Wuraren rigakafi 380 ne a jerin da aka ba mu. Fasta girman A2 guda 8 ga kowane wuri, 3,040 ke nan, da rarar kashi 5 na waɗanda za su yage ko su jiƙe: 3,200. Takardar iyaye A5 mai fuska biyu, 200 ga kowane wuri, da rara: 80,000. Bana, wato babbar ledar sanarwa da ake ratayewa, mai mita 3 a mita 1, ɗaya a ƙofar kowane wuri: 400. Takardar tambaya da amsa ta ma'aikatan rigakafi, A4 mai ninki uku: 2,000. Sai sanarwar rediyo mai daƙiƙa 60 da mai 30, saƙon tes guda biyu, da hotuna na Facebook da WhatsApp.

Mun nemi ma'aikata ta ware mutum ɗaya tak da sa hannunsa ne amincewa. An ba mu uku. Mun yarda da sharaɗin cewa su haɗa gyararrakinsu a takarda guda kafin su aiko.

16 ga Afrilu

Kanun fasta. An rubuta goma sha biyu, an tace zuwa uku. "Rigakafi ya fi magani" ya fita tun zagayen farko. Kowa ya san shi, kowa ya yarda da shi, kuma bai taɓa gaya wa kowa inda zai je ba. Wanda ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne "Ku kawo yaranku a yi musu allurar ƙyanda", saboda yana da aikatau, ya ambaci allura, kuma "kawo" ta riga ta faɗi cewa ba za a zo gida ba.

Maganar shekaru ta ci lokaci. "Wata 59" harshen rajista ne, ba mai ƙirga shekarun ɗansa haka. "Zuwa shekara 5" kuma zai jawo a kawo waɗanda suka riga suka cika biyar, a mayar da su, su koma suna ƙorafi. Mun tsaya a kan "daga wata 9 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba". Ya fi tsayi, ya ci layi biyu, amma ba ya barin gardama a bakin layi.

Sunan cutar: wasu ƙyanda suka sani, wasu baƙon dauro. Kanu zai ɗauki na farko, layin da ke ƙasa ya ɗauki na biyu, rediyo ya faɗi duka biyun.

19 ga Afrilu

Haruffa. Samfurin haruffan da ke cikin littafin tambarin ma'aikata ba shi da ɓ, ɗ, ƙ. Idan aka buga kalma mai ɗaya daga ciki, manhajar zane takan aro harafin daga wani samfuri ba tare da ta faɗa ba, sai a ga ƙ ɗin "ƙyanda" ta fi sauran siranta, ta ɗan karkace, kamar baƙuwa a cikin kalmar. A allon kwamfuta ba lallai ido ya kama ba. A fasta mai harafi tsawon yatsa kowa zai gani. A wata manhajar ma akwati ne kawai yake fitowa a gurbin harafin.

Gwajin da muke yi wa kowane samfuri kafin a karɓe shi: a buga Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ a siriri, a kauri, da a karkace, sannan a duba jerin haruffan da PDF ɗin ya ƙunsa. Idan sunan wani samfuri da ba mu zaɓa ba ya bayyana, an yi aro ke nan. Manyan haruffan ne suka fi faɗuwa wannan gwaji: samfuri kan zo da ƙ ya rasa Ƙ. Ƴ kuma tana da muhimmanci ga duk kayan da za su bi ƙa'idar rubutun Nijar, inda ake rubuta ta a maimakon 'y.

Mun ɗauki Noto Sans don kanu, Andika ta SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, don jikin rubutu. An tsara Andika ne domin masu koyon karatu, "a" ɗinta da "g" ɗinta irin waɗanda ake rubutawa da hannu ne, kuma ba a rikita l da I da 1 a cikinta. Dukansu lasisinsu a buɗe yake, za a iya miƙa wa maɗaba'a ba tare da wata matsala ba. Na bugun ajami mun ɗauki Harmattan, ita ma ta SIL. Sharaɗi ɗaya: wanda ya iya ajami ne zai rubuta, wani daban ya karanta da ƙarfi ba tare da ya ga na boko ba. Kuma dole a kunna tsarin rubutun dama zuwa hagu a manhaja, in ba haka ba haruffa su warwatse ba su haɗu da juna ba.

24 ga Afrilu

Zanen farko na fasta ya tafi wurin ma'aikata da tambari biyu, ya dawo da buƙatar bakwai, da hoton babban jami'i a kusurwar sama, da sakin layi na godiya. Mun auna: da an bi wannan, kusan kashi ɗaya cikin uku na takardar ya tafi, kuma kanu ya sauko daga santimita 5 zuwa ƙasa da 3.

Ƙa'idar masu rubuta allo ita ce harafi mai tsayin santimita 2.5 ga kowace mita 3 ta nisa in ana so a karanta cikin sauƙi. Harafi mai santimita 5 yana kai mita 6, wato daga tsallaken ƙaramin titi. Muka buga fastocin biyu a ainihin girmansu, muka manna a bangon farfajiyar ma'aikatar, muka ja layi a mita 6, muka ce masu sa hannu su tsaya a kai su karanta. Gani ya kori ji. An yarda tambura bakwai su jeru a zirin ƙasa mai tsayin santimita 4, hoton jami'i ya koma shafin farko na takardar manema labarai, godiya ta fita gaba ɗaya.

Launi ma an taɓa shi. Koren da aka aiko, lambarsa 4CAF50, idan aka ɗora masa farin rubutu bambancin haskensu 2.8 ne bisa 1. Ma'aunin sauƙin karatu na WCAG yana neman 4.5 ga ƙananan rubutu, 3 ga manya. Mun duhunta shi zuwa 1B5E20, ya ba da kusan 7.9. An tsara wannan ma'auni ne don allon kwamfuta da waya, amma yana yi mana aiki a takarda, musamman da yake rana za ta ci launin fasta cikin makonni.

30 ga Afrilu

Gwaji a gaban jama'a. Rukuni huɗu, mutum shida-shida: rukunin iyaye mata biyu, na iyaye maza ɗaya, na kakanni ɗaya. Kusan rabinsu ba sa karanta boko da sauri. Tsarin: a nuna fasta daƙiƙa biyar, a kife ta, a tambaya me aka ce ka yi, wa za ka kai, ina, yaushe. Ba a tambayar "ta yi kyau?", domin kowa zai ce ta yi kyau don kada ya kunyata mai tambaya.

Abin da ya fito:

Hoton da sirinji ya fito ɓaro-ɓaro, tsininsa na ƙyalli, ya sa mata uku suka ce yaron zai sha wuya. Wanda aka cire sirinjin gaba ɗaya kuma fiye da rabi suka ce ɗigo ne. Wannan na biyun ya fi haɗari, don kuwa shi ne ainihin kuskuren da muke gudu. Mafita: yaro a cinyar uwarsa, an naɗe hannun rigarsa, damtse a fili, ma'aikaciya riƙe da sirinji amma hannunta ya rufe tsinin, fuskar yaron a sake.

Yaron da aka zana ya yi ƙanƙanta. Kakanni suka ce na jarirai ne, ban da masu gudu. An ƙara yarinya 'yar kimanin shekara huɗu tsaye a gefe, ita ma hannun rigarta a naɗe.

Alamar kalanda da muka sa kusa da kwanan wata ba wanda ya gane ta, wani ya ce taga ce. An cire.

Kalmar "kyauta" a ƙasa take, mutum biyu kawai suka gan ta, alhali ita ce tambayar farko da iyaye maza suka yi. Ta hau sama, cikin da'ira, kusa da kanu.

Zane muka zaɓa a kan hoton gaske. Hoton yaro yana buƙatar izinin iyaye a rubuce, wanda ya fayyace inda za a yi amfani da shi da tsawon lokaci, kuma fastar gwamnati takan yi shekaru a bango bayan izinin ya ƙare.

6 ga Mayu

Muhawara kan kwanan wata. Ma'aikata tana so a buga "10 zuwa 14 ga Yuni" manya-manya a komai. Mun ƙi a fasta da bana. Ranar gangami tana rataye ne da isowar allurai, da sanyaya su, da horar da ma'aikata, da sakin kuɗi, kuma ko ɗaya ba a hannun sashen sadarwa yake ba. Fasta za ta ɗauki farin akwati mai santimita 36 a 9 da layi biyu, "Wuri" da "Rana", shugaban kowane wurin rigakafi ya cike da maka, wato alƙalami mai kaurin baki. Wannan ya ma fi amfani, tunda sunan makarantar ko asibitin da mutum ya sani ya fi "wuri mafi kusa da ku" nesa ba kusa ba.

A takardar iyaye sun dage, mun sakar musu. Amma mun sa kwanan watan da baƙin tawada zalla a kan fari, ba tare da ya taɓa wani launi ba. Injin bugu na ofset faranti huɗu yake amfani da su, ɗaya ga kowane launi na CMYK, wato shuɗi, ja, rawaya da baƙi. In rana ta canja, farantin baƙi kaɗai za a sake.

9 ga Mayu

Saƙon tes. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 muddin duk haruffan suna cikin jerin GSM na asali. Da zarar harafi ɗaya ya fita daga jerin, saƙon gaba ɗaya ya koma tsarin Unicode, iyakarsa ta faɗo zuwa 70. In ya zarce aka yanka shi, kowane yanki 67 yake ɗauka, a maimakon 153 na tsarin farko. Ƙ, ɗ da ɓ ba sa cikin jerin. Haka ma lanƙwasasshiyar alamar da Word yake sakawa da kansa a kalma irin 'ya'ya ko ma'aikata. Miƙaƙƙiyar ce kaɗai take ciki.

Ga rubutun da aka amince da shi, harafi 150 har da tazara:

Rigakafin kyanda kyauta ne ga yara daga wata 9 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba. Allura ce, ba a bi gida-gida. A kai su wurin rigakafi, 10-14 ga Yuni.

Da an sa ƙ ɗaya a "kyanda", saƙon ya zama uku, kuɗin aikawa ya ninka uku, a tsofaffin wayoyi kuma wataƙila akwati ya fito. Saboda haka a nan kaɗai muka ajiye ƙugiya, muka kuma kauce wa kalmomin da rashin ta ke juya musu ma'ana. "Ƙasa da shekara 5" ya fita saboda zai zama "kasa". Jumlar ɗigo a baki ma ta fita, tunda "baki" da "baƙi" sun zama ɗaya. Sunan mai aikawa harafi 11 ne iyakarsa, kuma sai an yi rajistarsa da kamfanonin waya tukuna. An tura takardar neman yau.

14 ga Mayu

Rediyo. Rubutun da sashen lafiya ya amince da shi kalma 190 ne. Mai karantawa ya gwada, ya kai daƙiƙa 84. Da muka auna da agogo, muryar da ba ta gaggawa tana cin kalma 125 zuwa 130 a daƙiƙa 60 idan an bar gurbin kiɗan buɗewa da na rufewa. An yanke tarihin cutar da sunayen masu tallafi. An bar hira tsakanin mata biyu, ɗaya tana cewa tana jiran masu ɗigo, ɗayar tana gyara mata. Wuri da rana sun zo sau biyu.

Jumlar kwanan wata an ɗauke ta daban, daƙiƙa 6, ba kiɗa a ƙarƙashinta, don a iya cire ta a dasa wata.

A haɗa sauti mun bi ma'aunin ƙarfin sauti na EBU R128, wato LUFS 23 ƙasa da sifili, sai dai in tasha ta nemi nata. Haɗin farko ya yi daɗi a lasifikan situdiyo, amma da aka saurara a ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya, kiɗa ya danne muryar mace ta biyu, wadda aka tura gefe guda. An dawo da muryoyin biyu tsakiya, an rage kiɗa. Daga yau ba a sallamar sauti sai an ji shi a waya da ƙaramar rediyo. Tashoshi za su karɓi WAV, masu shela da rukunonin WhatsApp su karɓi MP3.

17 ga Mayu

Takardar tambaya da amsa. Tambaya tara, kowace amsa ba ta wuce layi huɗu ba. Wadda aka fi jayayya a kai ita ce ta zazzaɓi. Wasu yara kan yi zazzaɓi ko 'yan ƙuraje kamar kwana 7 zuwa 12 bayan allura, ya wuce da kansa. Wani daga masu sa hannu ya so a cire don kada a tsorata mutane. Mun nace a bar shi. Uwar da aka gaya wa tun farko, in ya zo za ta ce an faɗa mata. Wadda aka ɓoye wa ita ce za ta ba jita-jita ƙafa. An ƙara layi mai cewa in zazzaɓin ya yi tsanani ko yaro ya kasa shan nono ko ruwa, a koma asibiti.

Ba a rubuta jita-jita a matsayin kanu ko da don a ƙaryata ta. Mai karatu sama-sama kanun zai riƙe, ya manta amsar.

Ninki: A4 tsawonta milimita 297. In aka raba 99 sau uku, fuskar da ke shiga ciki za ta tokare ta kumbura. An yi 100, 100, 97, kuma a bayan takardar jerin yana juyawa.

21 ga Mayu

Shirya fayil don maɗaba'a. A2 milimita 420 ne a 594, an ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe don wuƙa, ba rubutu ko tambari da ya matso gefe fiye da milimita 10. Hotuna ɗigo 300 a inci, wato kusan fiksel 4,960 a 7,016 ga cikakken A2. Bana ɗigo 100 ya ishe ta tunda daga nesa ake kallo.

Tambura uku daga cikin bakwai ta WhatsApp aka turo su, ɗaya ma hoton allo ne. WhatsApp yakan matse hoto in ba a matsayin fayil aka aika shi ba. An koma an roƙi na asali, SVG ko PDF. Biyu sun zo, na ukun sai da muka sake zana shi aka kai musu suka amince.

Ƙananan rubutu baƙi zalla, K100. Idan aka haɗa baƙin daga launi huɗu, ƙaramin gocewar faranti zai sa harafi ya yi inuwa mai launi. Jimlar tawada ba ta wuce kashi 300 a ko'ina ba, don kada ta ƙi bushewa ta shafi bayan takardar da ke sama. An fitar da PDF/X-1a, haruffa a ƙunshe.

Lambar QR da ke kai mutum jerin wuraren rigakafi: wadda aka fara yi daga wani shafin kyauta ce, da muka duba sai muka ga tana bi ta adireshinsu kafin ta iso namu, irin waɗanda kan mutu in wa'adin gwaji ya ƙare. An sake ta da gajeren adireshi a ƙarƙashin shafin ma'aikata, matakin gyaran kuskure M, farin fili na ɗigo huɗu kewaye da ita, santimita 6 a fasta. Taimako ce kawai ga masu babbar waya, ba abin da aka ɓoye a bayanta wanda babu shi a rubuce.

Sunan fayil: shekara, wata, rana, sunan kaya, lambar zubi, ba ƙugiya ba tazara. An hana kalmar "na ƙarshe".

27 ga Mayu

Gwajin bugu. Kore ya fito da duhu fiye da na allo, amma yana cikin abin da za a karɓa. Matsalar ita ce maɗaba'a ta shafa wa fastar man ƙyalli har kan farin akwatin. Mun rubuta da maka, muka goga da yatsa bayan minti ɗaya, ya shafe. An koma takarda marar ƙyalli mai giram 150 a kowace murabba'in mita, ba shafi a kan akwatin. An sake gwadawa da maka iri uku har da yayyafa ruwa; mai tawadar dindindin ce kaɗai ta tsaya. An ƙara maka 400 a jerin sayayya, domin in ba a haɗa ta cikin ƙunshi ba, da biro za a cike akwatin, ba mai gani daga mita biyu.

Bana: leda mai giram 440, an naɗe gefe, zobe a kowane santimita 50. Samfurin farko zobba huɗu kawai gare shi a kusurwa, iska za ta yage shi a kwana biyu.

An sa hannu. Bugu ya fara gobe.

3 ga Yuni

An ɗage gangami zuwa 24 zuwa 28 ga Yuni. Sanarwar ta iso da rana tsaka, muka kira maɗaba'a aka tsayar da inji.

Fasta 3,200 da bana 400 ba abin da ya same su. Takardar iyaye an riga an buga 30,000 da tsohuwar rana. Sauran 50,000 farantin baƙi kawai aka sake, aiki ya ci gaba da yamma. Na 30,000 ɗin an auna hanya biyu: a sake bugawa, ko a manna 'yar takarda mai milimita 60 a 20 a kan ranar. Mannawa ta fi araha a takarda, amma mutum ɗaya da ƙyar yake manna 400 a awa in ana so ta zauna daidai, awa 75 ke nan na aikin hannu, kuma duk wadda ta ɓare ta tona tsohuwar rana. An zaɓi sake bugawa. Tsofaffin an ƙirga su an yanka su a maɗaba'a a gaban wakilinmu, don kada ko ɗauri ɗaya ya shiga mota.

Rediyo: an sake ɗaukar daƙiƙa 6, an dasa. Tes: an canja lamba huɗu, tsawo bai motsa ba. Inda aka sha wuya shi ne WhatsApp. Hoton da ke ɗauke da tsohuwar rana ya riga ya fita ta hannun wani da aka tura wa don ya duba, kuma abin da ya shiga rukunoni ba ya dawowa. An fitar da sabo mai launin bango daban, rawaya a maimakon kore, da "An canja rana" a sama. Daga yanzu duk abin da za a tura don dubawa zai ɗauki rubutun "samfuri" a gicciye a kansa.

7 ga Yuni

Ƙunshi. Takardar iyaye 80,000 a giram 115 nauyinta kusan kilo 286, fasta kusan kilo 120, ban da bana. An ɗaure komai wuri-wuri tun daga maɗaba'a: fasta 8 a naɗe, takarda 200, bana 1, takardar ma'aikata 5, maka 1, igiya mita 10, da shafi ɗaya mai nuna yadda ake cike akwati da inda ake manna fasta, daidai tsayin ido, a inuwa in da hali. In aka aika kaya a dunƙule don a raba a can, wuraren da ke kusa da ofis sukan kwashe, na nesa su tashi a tutar babu.

Kowane ƙunshi da lambarsa, mai karɓa ya sa hannu, ya turo hoton fasta a bango bayan ya cike ta.

12 ga Yuni

Ƙunshi 380 sun fita, an tabbatar da isar 291. Hotuna 140 sun dawo. A cikinsu 23 an rubuta tsohuwar rana a akwatin, saboda takardar horon ma'aikata, wadda ba ta bi ta hannunmu ba, har yanzu 10 zuwa 14 take ɗauke da shi. An sanar da sashen horo, an tura wa shugabannin wuraren saƙon tes, kuma fasta 160 na rara za su tafi can. Ba za su kai ba in kowane wuri ya ɓata takwas ɗinsa, 184 ake buƙata, don haka an ce a manna farar takarda a kan layin rana a inda suka gaza. A wasu 11 rubutun ya yi ƙanƙanta, an matse shi a kusurwar akwatin. Zubi na gaba zai zo da layukan jagora masu nuna tsayin harafi.

Rediyo zai fara 17 ga wata, sau huɗu a rana, mai 60 da safe da dare, mai 30 a tsakani. Tes na farko 21 ga wata, na biyu 26, ranar uku ta gangami. Rajistar sunan mai aikawa ta fito daga kamfanoni biyu, saura ɗaya. In ba ta fito ba zuwa 19, saƙon zai tafi da lamba, a ƙara sunan ma'aikata a ciki, kuma harafi 10 kawai suka rage, sai an yanke wani abu. Fastar ajami tana wurin mai karatu na biyu, ya tsaya a kan yadda aka rubuta "ƙyanda". Ana jiran amsarsa gobe kafin a yi faranti.